Dillalin da Na Binne da Bakina

Ni ne mutum na biyu da ya mallaki rediyo a unguwarmu a Rano. Na farkon wani alhaji ne da ba ya kunna nasa sai don jin labaru, shi kaɗai a cikin soro, saboda haka a wurin jama'a ni ne na farko. Shekara biyu ko uku ke nan da samun 'yancin kai. Ina ɗinki a wata rumfa a bakin kasuwa, ina da keken ɗinki na ƙafa, da keken hawa, da wannan akwati mai batir kamar tubali, kuma ina jin kaina yadda ban zaci hakimi ma yana jin nasa ba. Wayar rediyon a reshen tsamiyar bayan rumfa na ɗaure ta. Duk wanda ya taɓa maɓalli ba da izinina ba, sai ya yi mako guda yana sauraro daga nesa.

Abin da ke tara mini mutane wani wasan ban dariya ne da ake yi ranar Laraba bayan la'asar, a maimaita shi ranar Asabar. Wasan ya daɗe, tun kafin in sayi rediyo ake yin sa. Akwai mai gari a ciki, da 'yan majalisarsa, da wata tsohuwa mai faɗa, amma mu mutum ɗaya muke jira, wani dillalin jakuna. Ba mu san sunan mai yin sa ba, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, Dillali kawai muke ce masa. Aikinsa ya sayar da jakin da ya gama yayi. In jakin gurgu ne sai ya ce ladabi ne ya yi masa yawa, durƙusa wa mai saye yake yi. In makaho ne sai ya ce tarbiyya ce, ba ya kallon gonar mutane. Kafin kowace ƙarya yakan yi tari biyu gajeru, ya ja numfashi ta hanci, mu kuwa tun daga tarin muke fara zubewa, har sau da yawa ƙaryar ma ba mu jin ta sai mun tambayi na kusa.

Laraba ta mutanen Rano ce. Asabar kuwa ta Goggo ce. Nakan rufe rumfa da azahar, in naɗe rediyon a cikin tsohon bargo, in ɗaure shi da roba a bayan keke, in taka zuwa Kibiya. Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, a ɗakinta na girma. Mijinta wanzami ne, kuma bayan ya rasu ta yi watanni ba wanda ya ga haƙorinta. Dillali ne ya fara ba ta dariya, ina zaune na gani da idona. Dariyarta ba ta fara da sauti. Sai ta kama gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta su riƙa rawa, sannan ta miƙa hannu ta riƙa dukan cinyar duk wanda ke kusa da ita. Da gangan nake zama inda hannun zai same ni. Don wannan dukan nake taka keke har Kibiya, ba na jin kunyar faɗi.

Tana da ɗa guda, sa'ana, ya gaji askar ubansa. Abokin wasana ne, ɗan goggo da ɗan kawu, saboda haka ba abin da ba ma gaya wa juna. Da yake yana bin kasuwanni da zabirarsa, Laraba yana rumfata a Rano, Asabar yana gidansu a Kibiya. Ban taɓa faɗin magana a wuri ɗaya in canza ta a ɗayan ba tare da ya kama ni ba.

Wata damina, a cikin wasan, Dillali ya shiga rafi da jaki yana cinikinsa da wani mutum da ke tsallake. Ruwa ya kai masa ƙugu yana tari yana cewa jakin kifi ne kakansa. Sai muka ji ƙarar ruwa, muka ji mutanen wasan suna salati, aka rufe shirin a nan. Muka yi dariya, muka ce mako mai zuwa zai fito da wata ƙaryar. Mako ya zo, ba Dillali. Wani makon ya zo, matarsa ta cikin wasan ta shiga takaba. Muka yi wata guda muna kasa kunne, ba tari.

Sai mutane suka fara tambayata. Wa za su tambaya? Ni ne mai akwatin. A ganinsu mutanen ciki baƙina ne, dole in san lafiyarsu. Ni kuwa a lokacin akwai magana ɗaya da bakina bai iya ba, ita ce "ban sani ba". Gara in haɗiye allura da in faɗe ta.

Ana nan na shiga Kano sayen zare da batir. Na tambayi mai sayar da batirin, da yake shi ma'abocin rediyo ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Na dai ji ana cewa ya rasu da gaske. Amma ban sani ba."

Wannan "amma ban sani ba" na yar da ita a hanya tun kafin mota ta yi rabin tafiya. Da na sauka a Rano na zauna a kan keken ɗinki, na cire hula, na shafa kai, na ce wa mutanen rumfa sai haƙuri, Dillali ya riga mu gidan gaskiya. Aka yi salati. Ban taɓa jin maganata ta yi nauyi kamar ran nan ba, kuma nauyin ya yi mini daɗi. Washegari da wani ya ce ko ji na yi, sai na ce ai na ga masu dawowa daga maƙabarta. Kafin Asabar na riga na shiga jana'izar da kaina, ina sahu na uku, har na watsa ƙasa.

A Kibiya abokin wasana ya saurare ni yana wasa askarsa a tafin hannu. Ya ce, "Tela, kai da ka gan shi, dogo ne ko gajere?"

Na ce, "A likkafani dai matsakaici ne."

"Ka auna?"

"Ni tela ne, Wanzam. Idona awo ne."

Goggo abu ɗaya kawai ta tambaye ni. Ta share ido da mayafi, ta ce wace rana ce aka kai shi. Na ɗaga kai na kalli rufin ɗaki na zaɓi wata Litinin. Ta ƙirga da yatsu, ta ce uku ta wuce, bakwai ta wuce, amma arba'in ba za ta wuce ta ba. Mutumin da ya buɗe mata baki bayan ta zaci ya rufe ke nan, in ji ta, ba za a ce ya tafi ba ta yi masa komai ba.

Ranar da ta cika, bisa lissafin Litinin ɗin da na ƙago, ta ɗauko geron da ta ajiye don kunun azumi, ta sa aka surfa, aka jiƙa, aka daka, ta yi gumba da zuma. Aka rarraba gida gida. Malamin unguwarsu ya zo ya zauna a zaure zai yi addu'a, ya tambayi sunan mamacin. Aka juyo aka kalle ni. Wannan kam ban iya ƙagowa ba, na ce a cikin ruɗanin jana'iza ban riƙe ba. Malam ya ce ba komai, Allah ya san bawansa. Aka shafa. Goggo ta zaɓo mini dunƙule biyu manya, ta ce ni na wakilci dangi a wurin binnewa. Na ci. Zuma ce a ciki, amma sai da na bi su da ruwa moɗa biyu.

Shekara ta zagayo. Wasan ya ci gaba ba armashi, muna sauraro saboda sabo. Ni kuma har na fara yarda da labarina, wani lokaci in tuna zafin ranar da aka yi a maƙabartar.

Sai wata Laraba, ina haɗa wuyan kaftani, rumfa cike. A cikin wasan 'yan'uwan Dillali suna rabon kayansa, suna ta faɗa a kan wata tsohuwar hula, wannan ya ja wancan ya ja. Sai aka yi tari biyu gajeru. Aka ja numfashi ta hanci. Wata murya ta ce a aje masa hularsa, ai da ransa, ruwa ne ya kai shi har bakin teku, kuma bai dawo da wuri ba saboda kifaye sun riƙe shi yana yi musu dillanci.

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Wata irin murna ta taso mini tun daga ciki, kamar an ce ɗan'uwana ya dawo daga doguwar tafiya. Rumfa ta ɗauki ihu, wani ya zubar da shayinsa, wani ya jefa hula sama ta maƙale a tsamiya. Sai ihun ya ragu a hankali, kawuna suka riƙa juyowa ɗaya bayan ɗaya, har ba wanda ke kallon rediyon. Ni ake kallo.

Wani mahauci ne ya cece ni, Allah ya saka masa. Cikin shakka ya ce, "Ko dai ƙanensa ne?"

Na kama maganar nan da hannu biyu. Na ce ashe akwai mai kunne a wurin nan. Ƙanensa ne mana, ai na gan shi a jana'izar, shi ya karɓi gaisuwa, muryarsu ɗaya sai dai ta wannan ta fi kauri. Na ce duk wanda ya san Dillali na gaskiya ba zai yi wa wannan dariya ba. Da na faɗi haka na ji na ci nasara, ban lura na ɗaure kaina ba ne.

Kafin mako ya fita kasuwa ta rabu. Akwai 'yan shi ne, akwai 'yan ƙanensa ne, kuma kowane ɓangare da malamansa. Mai shayin kusa da ni ya ce shi ne, amma da bai dawo ba da ya fi, domin yanzu in an mutu a rediyo wa zai ƙara yarda. Mahaucin ya tsaya a kan ƙane, ya ce tarin wancan daga ƙirji yake fitowa, na wannan kuwa daga maƙogwaro, kuma shi ya san bambancin ƙirji da maƙogwaro fiye da kowa a Rano. Wani Bafulatani daga wajen Rurum, wanda ke zuwa jin wasan duk Laraba da sandarsa a kafaɗa, ya ce shi in saniyarsa ta ɓata shekara uku ya ji kukanta a cikin garken wani zai gane ta. Shi ne, in ji shi, sai dai ya zubar da haƙori ɗaya na gaba. Wasu suka ce shi ne amma ƙaryarsa ta da ta fi daɗi, ya dawo da ƙarya irin ta birni. Mutum biyu da suka yi shekara goma suna cin tuwo a akushi ɗaya suka daina gaisawa na kwana uku. Har a wurin awon gyaɗa an yi gardamar, aka manta da ma'auni.

Sai wani direban babbar mota ya zo da abin da ya kusa kashe ni. Ya ce a birni an kawo wani sabon akwati, talabijin, wanda ake ganin mutum a ciki yana motsi, kuma can aka ɗauke Dillali shekara guda yana taya su kafa wasa, shi ya sa aka jefa shi a rafi. Ya ce ya gan shi da idonsa a wani kanti, ƙato ne mai tumbi.

Na ce, "Ƙato?"

Ya ce, "Ƙato."

Na juya ga jama'a na ce, "Kun ji ko? Wanda na binne matsakaici ne." 'Yan ɓangarena suka yi shewa, aka ɗaga hannuna sama.

Duk wannan wasa ne. Inda abin ya daina zama wasa shi ne Kibiya. Asabar ta farko na kunna rediyon a tsakar gida, Goggo tana kan tabarmarta, tsofaffin maƙwabta biyu a gefenta. Aka yi tarin nan. Na ga hannunta ya tafi wurin gefen mayafi, sai ya tsaya a hanya. Ta juyo ta dube ni.

"Ɗan nan, me ka ce?"

Na ce, "Ƙanensa ne, Goggo."

Ta ce, "To." Ta mayar da hannunta kan cinyarta. Da maƙwabtan suka fara ƙyalƙyatawa ta ce su yi tasu, ita ba ta yi wa wanda ya sa hular mamaci dariya. Har aka gama shirin fuskarta ba ta motsa ba. Ina zaune inda hannunta zai same ni, hannun bai zo ba. A ranar na san abin da na yi. Na karɓe wa tsohuwar nan abu ɗaya da ke ba ta dariya a duniya, kuma in zan mayar mata da shi sai na ce mata geron azuminta a kan ƙaryata ta daka shi. Na rasa wanda ya fi sauƙi, sai na naɗe rediyon na hau keke.

Ga shi kuma Dillali ya dawo da ƙarfinsa. Ban taɓa jin ya kai haka ba, duk abin da masu cewa ta da ta fi suke faɗi. Ni kuwa na riga na yanke wa kaina hukunci a bainar jama'a, ba dariya. Ranar Laraba nakan cika baki da allurai, don mai allura a baki ba ya wasa. In abin ya yi ƙarfi in taka keken ɗinki da gudu ba yadi a ƙarƙashinsa. Wani lokaci in ɗauki buta in zaga bayan rumfa, a ce tela ya cika son alwala kwanan nan. Asabar ta fi muni, domin na riga na san abin da ke zuwa, tun kan a zo wurin cikina ya fara rawa. Abokin wasana kuma ba ya kallon rediyo ko kaɗan. Fuskata yake kallo, ya tallafe haɓa, kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Na sami mafita a hanya. Tsakanin Kibiya da Rano akwai wata ɗorawa a gefen gonaki inda ba kowa. Can nake jingine keke in zube a ƙasa in biya bashin dariyar da ke cikina, ta Laraba da ta Asabar gaba ɗaya, ina maimaita maganganun Dillali ni kaɗai ina birgima. Wata rana ina cikin haka, hawaye har wuya, na buɗe ido na ga ƙafafun shanu kewaye da ni, da Bafulatanin nan a tsaye yana leƙo ni.

Ya ce, "Malam tela, maciji ne?"

Na ce cinnaka ce ta shige mini wando.

Ya dube ni, ya dubi rediyon a bayan keke, ya ce, "Cinnakar nan haƙorinta ɗaya ya zube ko?" Ya kora shanunsa ya wuce. Har ya bar duniya ban ji ya gaya wa kowa ba.

Mako bakwai muka yi a haka. Goggo ba ta fasa sauraro ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta fara ramewa a idona, ko da yake mai yiwuwa zuciyata ce ke auna ta.

A Asabar ta takwas na iso na tarar abokin wasana ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya aje ƙwaryar ruwa da sabulu, yana wasa aska. Ya ce sumata ta yi yawa, abin kunya ne a ce ɗan kawun wanzami yana yawo haka. Na ce bayan an gama wasa. Ya ce a'a, a cikin wasan dai. Tunda ƙane ne, kuma ƙane ba ya ba ni dariya, ai ba inda kaina zai fi zama daram kamar lokacin. Ko ina tsoro ne?

Ya faɗi haka ne a gaban Goggo da maƙwabta, matarsa kuma tana jin mu daga ɗaki. Na san shirin ranar, na ji shi Laraba, sai da na fita alwala sau biyu. Mai hankali da ya ce kansa na ciwo. Ni na cire hula na zauna.

Ya jiƙa mini kai ya fara. Yana da hannu, ba a raba shi da wannan. Aska tana tafiya a hankali daga ƙeya, shi kuwa yana jan aikin da gangan, yana jiran Dillali ya shigo. Ya shigo. A makon nan jakin da zai sayar ya mutu tun da safe, sai ya jingine shi da garu ya tokare shi da itace. Mai saye ya ce ya ga ba ya motsi. Tari biyu. Dillali ya ce horo ne, ba ya yawon banza. Na cije leɓe, aska tana saman kunnena. Mai saye ya ce ƙudaje fa sun yi masa yawa. Tari biyu. Ya ce farin jini ne, masoyansa ne. Na riƙe numfashi na fara ƙirga azarar da ta leƙo daga rufin ɗakin Goggo. Mai saye ya matsa ya taɓa jakin, muka ji ƙarar faɗuwa, ya ce wannan ai matacce ne. Aka yi shiru mai tsawo. Sannan tarin ya zo a hankali, Dillali ya ce, "To mutuwa wani abu ce? Ni ma na yi, ga ni."

Ban san lokacin da dariyar ta ƙwace ba. Ta mako bakwai ce ta fito a haɗe, ta hanci da ta baki, kaina ya yi baya, na ji zafi a bayan kunne. Abokin wasana ya ɗauke aska da sauri amma ta riga ta shiga. Jini yana bin wuyana, rabin kaina a aske rabi da kumfa, ni kuwa ina kwance a kan buzu ina dukan ƙasa, na kasa tsayawa. Shi ma ya zube yana nuna ni da aska ya kasa magana. Maƙwabtan suna ta salati suna dariya a haɗe.

Goggo ce ta ce a kashe akwatin. Ta sallami maƙwabtan, ta kori ɗanta da zabirarsa, ta ce zai ji da ita. Ta shiga ɗaki ta fito da tsumma mai tsabta da garin bagaruwa, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta kamar yadda take yi ina ƙarami, ta danna mini a ciwon. Da yake ina ba ta baya ne, ba na ganin fuskarta, sai maganar ta zo da sauƙi.

Na ce, "Goggo, ban je jana'izar kowa ba. Ji na yi a kanti, mai faɗin ma ya ce bai sani ba. Sauran duk ni na ƙara. Wannan ba ƙanensa ba ne, shi ne."

Ta ci gaba da danna tsumman. Ta ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun tarin farko. Kai ka zaci kunnena ya mutu ne?"

Na ce to me ya hana ta dariya duk makonnin nan.

Ta ce, "Yo in na yi, ai na ƙaryata ka a gaban mutane. Ɗan da na goya." Ta gyara tsumman, sannan ta ce, "Amma ka wahalar da ni, ɗan nan. In ka tafi nakan shiga ɗaki in cusa kai a tulu in yi. Rannan matar ɗan'uwanka ta zaci aljanu ne."

Na yi ƙoƙarin yin dariya, sai hawaye suka zo a maimakonta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da wata ƙaunar tsohuwar nan da ta cika mini ƙirji. Na ce geronta fa. Ta ce sadaka ba ta ɓata, ta sami mai ita, ƙila ma ita ce ta fito da shi daga ruwan. Sai na ji cinyoyinta sun fara rawa a gefen kunnuwana. Ta maimaita a hankali, "Ni ma na yi, ga ni," sannan hannun ya sauko a kafaɗata, ya sake saukowa, har tsumman ya faɗi jini ya dawo.

Da ta samu numfashi ta ɗaure mini kan, ta ce akwai abin da za ta roƙe ni. Na ce ta faɗi ko mene ne.

Ta ce, "Ran da na mutu, kai nake so ka kai labarin. Kada a aiki kowa."

Na ce, "Haba Goggo, wace irin magana ce wannan."

Ta ce, "Na ga bakinka yana da kyau ne. Wanda ka ce ya mutu, dawowa yake yi."

Laraba ta gaba na tsaya a rumfa da rabin aski da ɗaurin tsumma na faɗa wa mutane gaskiya. An yi mini tsiya ta shekaru, mahaucin kuwa bai yafe mini ba, don shi har ya mutu a kan ƙane yake. Goggo ta ƙara shekara shida tana dukan cinyata duk Asabar.

Da safe ta rasu, bayan kaka, ba wata doguwar jinya. Abokin wasana ya tashi zai aika mutane ƙauyuka, na ce ya bari, an riga an ba ni aikin. Na hau keke na je Fassi wurin 'yan'uwan mijinta, na dawo ta Rano, na wuce Zurgu inda ƙanwarta ke aure. A kowace ƙofa na yi sallama na faɗi abin da ya faru, ban ƙara kalma ɗaya a kai ba. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, na san abin da mutuwa take. Duk da haka, har aka yi arba'in, in na ji motsi a ƙofar gida sai na ɗaga kai.